Waiwaye a Kan Sharuɗɗan Shiga Karatun Likita a Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aiki ya kai shi wata jami'a, ko da kuwa harshe yake koyarwa, ya san irin saƙonnin da kan riƙa zuwa masa daga gida da zarar an fara ɗaukar sababbin ɗalibai. Yawancinsu magana guda ce: ga yaro ko yarinya na son karatun likita, ga sakamakon da aka samu, a duba ko da abin da za a iya yi. Sau da yawa idan aka duba takardun sai a tarar ƙofar ta rufe tun shekaru uku da suka wuce, wato tun ranar da yaron ya shiga babbar sakandare a makarantar da ba ta da malamin Fiziks ko ɗakin gwaje-gwaje. Iyaye kan ɗauka an yi musu rowa ne, su kuma jami'o'i kan ce ƙa'ida suka bi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan ƙa'idoji, a ga inda suka samo asali da irin sauye-sauyen da suka shiga tun daga zamanin Turawa. Abin da ake son nunawa shi ne, a duk lokacin da Nijeriya ta fuskanci ƙarancin likitoci ta gwada hanyoyi uku: rage darajar takardar shaida, ko raba gurabe bisa kaso, ko kuma gina tsanin da zai kai ɗalibi ga sharaɗin ba tare da an taɓa sharaɗin ba. Tarihi ya nuna wadda ta fi amfani a cikinsu.

2.0 Kafin a Buɗe Makarantar Likita a Gida

A ƙarni na 19 babu makarantar likita ko ɗaya a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila. Mai son wannan karatu dole ya ƙetare teku, ya kuma cika sharuɗɗan Majalisar Likitocin Birtaniya wadda aka kafa a 1858, cikinsu har da cin jarrabawar share fage a Ingilishi da Lissafi da Latin. Wannan ya sa waɗanda suka fara samun damar su ne 'ya'yan 'yantattun bayi da suka yi makarantun mishan a Saliyo. Africanus Horton, wanda mahaifinsa Ibo ne, da William Davies, wanda asalinsa Bayarabe ne, Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila ce ta ɗauki nauyin karatunsu domin su yi wa soja aiki, kuma Horton ya karɓi digirinsa a Edinbara a 1859. Bayansu Nathaniel King ya gama a Edinbara a 1876 ya dawo ya yi aiki a Legas, sannan Obadiah Johnson da John Randle suka biyo baya a shekarun 1880.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun cika sharaɗi iri ɗaya da na Turawa, sun kuma riƙe takarda iri ɗaya. Duk da haka, a 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka kuma ƙayyade cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Ke nan an ƙara wani sharaɗi wanda babu jarrabawar da za ta iya cika shi. Wannan wariya ce ta sa 'yan bokon kudu suka riƙa zargin duk wani tsari da zai bambanta likitan gida da na waje, zargin da ya fito fili shekaru talatin bayan haka.

3.0 Makarantar Yaba da Takardar da Ba ta Ƙetare Iyaka

A 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar likita a Yaba ta Legas, aka kuma haɗa ta da Babbar Kwalejin Yaba wadda Daraktan Ilimi E.R.J. Hussey ya tsara, aka yi bikin buɗe ta a 1934. Ana shiga ne ta hanyar jarrabawar da kwalejin kanta ke shiryawa, kuma akasarin masu cin ta sun fito ne daga makarantun gwamnati 'yan ƙalilan masu koyar da kimiyya, kamar Kwalejin Sarki ta Legas da aka kafa a 1909 da kwalejojin Ibadan da Umuahiya na 1929. Yawan waɗanda ake ɗauka ya danganta ne da yawan guraben aikin da gwamnati take da su.

Matsalar Yaba ba ta ƙwazon ɗalibai ba ce, domin zaƙaƙurai ake zaɓa, karatun kuma mai tsanani ne da tsawo. Matsalar ita ce, bayan duk wannan wahala, difloma ake ba su wadda ba ta aiki sai a Nijeriya, kuma a matsayin mataimakan likita suke fara aiki a ƙarƙashin Turawa, da albashin da bai kusanci nasu ba. Ƙin amincewa da wannan tsari na daga cikin dalilan da suka sa Dokta J.C. Vaughan da Ernest Ikoli da Samuel Akisanya da H.O. Davies suka kafa Ƙungiyar Matasan Legas a 1934, wadda ta zama Ƙungiyar Matasan Nijeriya a 1936. Ashe ke nan muhawara a kan darajar takardar likita tana cikin tushen siyasar neman 'yancin ƙasar nan. Darasin da aka ɗauka daga Yaba shi ne, al'umma ba ta yarda a ce akwai likitan talaka daban da na mai mulki.

4.0 Ibadan da Ma'aunin Landan

Rahoton Hukumar Elliot na 1945 shi ya share fagen kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A watan Janairu na 1948 ɗalibai 104 suka fara karatu a ƙarƙashin shugabancin Kenneth Mellanby, kuma da ɗaliban Yaba aka kafa harsashin. Kwalejin tana da dangantaka ta musamman da Jami'ar Landan, saboda haka digirin Landan take bayarwa, sharuɗɗan Landan kuma take bi. Ƙofofin shiga biyu ne. Wanda yake da satifiket ɗin sakandare na Kambirij mai kyau yakan zauna jarrabawar rangwame ta kwalejin, idan ya ci sai ya yi karatun share fage a Fiziks da Kemistiri da ilimin halittu. Wanda kuwa ya yi ƙarin shekara biyu a aji shida ya sami Babban Satifiket a waɗannan darussa, kai tsaye yake wucewa.

Da farko ɗalibai kan yi rabin karatun ne a Ibadan su ƙarasa a asibitocin Ingila. Sai da aka buɗe Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1957 sannan aka iya kammala komai a gida, kuma a 1960 likitoci 13 na farko da suka yi dukkan karatunsu a Ibadan suka fito. Wannan adadi ya isa ya nuna ribar tsarin da kuma illarsa. Takardar ta zama karɓaɓɓiya a ko'ina a duniya, amma ƙasa mai mutane miliyoyi ta shiga shekarar 'yancin kanta da makarantar likita mai yaye abin da bai kai ashirin ba. Haka kuma sharaɗin ya fifita yankunan da suke da makarantu masu aji shida da ɗakunan gwaje-gwaje. Hukumar Ashby ta lura da wannan a rahotonta na 1960, inda ta nuna cewa ba za a cika jami'o'i ba sai an faɗaɗa matakin da ke tsakanin sakandare da jami'a.

5.0 Halin da Arewa ta Shiga

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa kamar Jihar Arewa. Kwalejin Katsina, wadda ita ce makaranta mafi girma a yankin tun farkon shekarun 1920, an kafa ta ne domin horar da malamai, kuma an daɗe kafin kimiyya ta zauna da gindinta a cikinta. Abin da aka tanadar wa Arewa a fannin lafiya shi ne makarantar masu ba da magani a Zariya da makarantar duba-gari a Kano. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da likitan farko daga Arewa, Dokta R.A.B. Dikko, ya kasance ɗan makarantar mishan ta Zariya wanda ya bi ta Kwalejin Sarki ta Legas zuwa Jami'ar Bamingam. Shi ma Ishaya Audu daga Wusasa ya tafi Yaba da Ibadan, ya ƙarasa a Landan a 1954. Umaru Shehu kuwa daga Kwalejin Kaduna ya shiga Ibadan a 1948, ya ƙarasa a Libaful a 1956. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya bar yankinsa kafin ya kai ga takardar likita.

Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada gajerar hanya a tsakiyar shekarun 1950, inda ta buɗe makarantar likita a Kano domin samar da mataimakan likitoci cikin gaggawa. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba, domin tambayar da ta dabaibaye Yaba ita ce ta biyo ta: me zai sa a ba mutanen Arewa likita mai takardar da ba ta kai ta Ibadan ba?

Hanyar da ta yi albarka ita ce ta tsani. Reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya riƙa shirya ɗalibai domin jarrabawar babban mataki, kuma ta nan Jibril Aminu ya bi zuwa Ibadan inda ya gama a 1965. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe Tsangayar Likitanci a 1967, sai ta fuskanci ƙarancin 'yan Arewa masu Babban Satifiket a kimiyya. A zamanin shugabancin Ishaya Audu, wanda ya san wahalar hanyar da kansa, jami'ar ta buɗe Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a. Ana ɗauko ɗalibai daga aji biyar, a tara su a wuri guda mai malamai da kayan aiki, a koyar da su abin da makarantunsu suka kasa koyarwa, sannan a auna su da ma'aunin da ake auna kowa. Jihohi suka kafa irin nasu makarantun, aka kuma haɗa su a ƙarƙashin jarrabawar IJMB a tsakiyar shekarun 1970. Da yawa daga cikin manyan likitocin da suka riƙe asibitocin koyarwa na Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Kano ta wannan tsani suka hau.

6.0 Zuwan JAMB da Tsarin Kaso

Zuwa tsakiyar shekarun 1970 jami'o'i sun yawaita. Ban da Ibadan, akwai Nsukka da Legas da Ife da Zariya da Binin, sannan a 1975 aka ƙara guda bakwai a Kalaba da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Kano da Ilori da Fatakwal. Kowace tana ɗaukar ɗalibanta da kanta, saboda haka ɗalibi ɗaya yakan sami gurbi a jami'a uku, ya zaɓi ɗaya, sauran biyun su tafi a banza alhali wasu na zaune a gida. Domin magance wannan ne gwamnatin soja ta kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Jami'o'i, wato JAMB, da Doka ta 2 ta 1978, aka naɗa Michael Angulu magatakardanta na farko.

Jarrabawar bai-ɗaya ta sake tono tsohon giɓi, domin da aka jera makin 'yan ƙasa a takarda guda sai bambancin makarantu ya fito ƙarara. A farkon shekarun 1980, bisa ruhin daidaita wakilci da tsarin mulkin 1979 ya zo da shi, aka tsara cewa jami'o'in tarayya su raba gurabensu kamar haka: kashi 40 cikin ɗari bisa cancanta, 30 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, 10 kuma yadda jami'a ta ga dama. Daga baya aka soke kason ganin dama, rabon ya koma 45 da 35 da 20.

Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga mutane da yawa, amma wajibi ne a fahimci iyakarsa. Kaso yana iya rage makin da ake nema daga ɗan wata jiha, amma ba ya cire ko da darasi ɗaya daga cikin waɗanda ake bukata, kuma ba ya bin ɗalibi cikin aji. A makarantar likita maki 50 cikin ɗari ne matakin cin jarrabawa ga kowa. Wanda ya shiga da rauni a Kemistiri zai gamu da shi a shekarar farko, ko kuma a babbar jarrabawar ilimin sassan jiki da aikin gaɓɓai da sinadaran jiki, wadda a kanta ne ake sallamar ɗalibai da dama.

A daidai wannan lokaci kuma tsarin 6-3-3-4, wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada aka kuma fara aiwatarwa a 1982, ya kawar da aji shida daga makarantun gwamnati. A 1988 aka yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko. Daga nan nauyin da shekaru biyu na aji shida ke ɗauka ya rabu tsakanin babbar sakandare da shekarar farko ta jami'a. Illar wannan ita ce, zaɓin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ya yi tsakanin ajin kimiyya da na adabi shi ne ke yanke masa hukunci, sau da yawa ba tare da wani ya yi masa bayani ba.

7.0 Sharuɗɗan Kamar Yadda Suka Zauna

Abin da wannan doguwar tafiya ta haifar shi ne sharuɗɗa masu hawa huɗu. Na farko, kiredit biyar a Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar WAEC ko ta NECO wadda ta fara aiki a 2000, kuma jami'o'i da dama, cikinsu har da Ibadan da Legas, suna neman a same su a zama ɗaya. Na biyu, jarrabawar JAMB a Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, mai jimlar maki 400, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A 2025 an sanya 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma wannan adadi ba ya nufin komai ga mai neman likitanci, domin a manyan jami'o'i gasar kan fara ne daga wajen 250 zuwa sama. Na uku, tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka fara a 2005, aka dakatar a 2016, aka dawo da ita a 2017. Mai sakamakon babban mataki kamar IJMB, ko JUPEB da aka kafa a 2014, ko mai digiri a fannin kimiyya, yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Hawa na huɗu shi ne wanda iyaye ba su cika sani ba. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda tushenta dokar 1963 ce aka kuma sake tsara ta da Doka ta 23 ta 1988, ita ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makarantar likita za ta ɗauka, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwa. Saboda haka ɗalibi yana iya cika kowane sharaɗi ya rasa gurbi, ba don wani ya zalunce shi ba, sai don kujerun sun ƙare. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ninka wannan adadi daga 5,000 zuwa 10,000 a faɗin ƙasa, saboda yawan likitocin da ke ficewa ƙasashen waje. Ƙarin kujeru abin maraba ne matuƙar malamai da gadaje sun ƙaru tare da su. In ba haka ba, za a koma gidan jiya na Yaba ta wata ƙofar.

8.0 Sharaɗin Harshe

Akwai sharaɗi guda da bai taɓa sauyawa ba tun zamanin Horton, wato Ingilishi. Latin ya faɗi, aji shida ya tafi, amma har yau wanda ya ci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da mafi kyawun sakamako ya faɗi Ingilishi ba zai shiga ba. Akwai hujja a kan haka, domin da Ingilishi aka rubuta littattafan kuma da shi ake koyarwa. Sai dai abin mamaki shi ne, a cikin sharuɗɗan nan babu inda ake tambayar harshen da majinyaci zai yi magana da shi. Rabin aikin likita sauraro ne. Idan tsohuwa ta ce "ciwon daji" ko "hawan jini" ko "shawara" ko "sanyi", kowace kalma tana ɗauke da fahimtar da ba lallai ta yi daidai da abin da ke cikin littafi ba, kuma likitan da aikin yi wa ƙasa hidima ya kai shi inda ba ya jin harshen mutane dole ya dogara da tafinta. Ba a cewa a mayar da harshen gida shingen shiga, domin shingayen sun isa haka. Abin da ya dace shi ne sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da makarantun likita wajen koyar da harshen yankin da asibitin koyarwa yake, da kuma daidaita kalmomin lafiya.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun sharuɗɗan shiga karatun likita daga Edinbara zuwa Yaba, daga Ibadan zuwa Zariya, har zuwa zamanin JAMB. An ga cewa rage darajar takarda, kamar yadda aka yi a Yaba da Kano, bai karɓu ba, domin rai ɗaya ne ko na wane ne. An ga cewa kaso yana kai ɗalibi bakin ƙofa ne kawai. An kuma ga cewa abin da ya sauya lissafi a Arewa shi ne makarantun share fage, inda aka ɗaga ɗalibi ya kai ga sharaɗi.

Saboda haka sharaɗin shiga jami'a ma'auni ne na makarantar sakandare kafin ya zama ma'aunin yaro. Jihar da take son 'ya'yanta su zama likitoci, musamman mata waɗanda asibitocin haihuwa ke tsananin bukata, sai ta fara da malamin Fiziks da ɗakin gwaje-gwaje a babbar sakandare, ta kuma raya makarantun share fagenta. Su kuma iyaye, lokacin tambaya shi ne ranar da yaro zai zaɓi aji, ba ranar da sunaye suka fito ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.